Mirra Andreeva: baiwa ce, ko an yi wa yarinya gaggawa?

Abba Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da shan ruwa. Wa ya kalli wasan ƙarshe na gasar tanis ta Indian Wells ta 2025 a Amurka jiya da daddare? Ni dai har yanzu abin bai sake ni ba. Yarinya 'yar shekara 17, Mirra Andreeva ta ƙasar Rasha, ta sha kashi a turmin farko 2-6 a hannun Aryna Sabalenka, wadda ita ce ta ɗaya a duniya, sai ta dawo ta cinye sauran biyun 6-4, 6-3. Kafin nan ita ce ta fitar da Iga Swiatek, ta biyu a duniya, a wasan kusa da na ƙarshe. A watan jiya ta ɗauki kofin Dubai. Wasa 12 ke nan a jere ba wadda ta kai bayanta ƙasa, kuma rabon da a ga mai ƙarancin shekaru kamarta ta ɗaga wannan kofi tun Serena Williams a 1999.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne na gaji da jin ana cewa baiwa ce kawai. Ba na musun baiwa, Allah ke bayarwa. Amma a Krasnoyarsk aka haife ta, can cikin Siberiya inda ƙanƙara ke rufe gari wata da watanni. Iyayenta suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka koma Sochi, bakin Baƙin Teku, saboda 'ya'yansu mata biyu su samu filin wasa da masu horarwa. Daga nan kuma aka wuce Cannes a kudancin Faransa, makarantar tanis ɗin da fitaccen ɗan wasan Rasha Daniil Medvedev ya taɓa zama. Gida guda ya yi ta ƙaura a kan ƙwallo. A nan nake ganin labarin yake.

Usman Zariya:
Wa alaikumus salam. Na kalla, amma da ƙyar. Mai gidan kallon unguwarmu ya ce ba zai cire wa mutane ƙwallon ƙafa saboda mutum biyu ba, sai muka koma kan waya ni da wani abokina, muna zaune kan benci a ƙofar gida, sauro na cizonmu. Da ta buga ƙwallon ƙarshe na miƙe ban sani ba.

Baban Khalifa:
Abba ƙanena, abin da kake yabo shi ne ainihin abin da ke damuna. Ka ce gida guda ya yi ƙaura a kan ƙwallo. To, wa aka tambaya? Ita da bakinta ta taɓa faɗa cewa ba ita ta zaɓi wasan ba, mahaifiyarta ce ta zaɓa. An ce uwar ta kalli Marat Safin ɗan Rasha ya ci gasar Ostireliya a 2005, abin ya burge ta, ta ƙudurta 'ya'yanta za su yi tanis. A lokacin ko cikin Mirra ba a ɗauka ba, don sai 29 ga Afrilun 2007 aka haife ta. Ashe ke nan an yanka mata rigar tun kafin ta zo duniya.

Ni uba ne, 'ya'yana biyar. Yarinyar da tun tana shekara 6 raket ke hannunta, yaushe ta yi wasan ƙasa? Yaushe ta yi ƙawayen da ba abokan hamayya ba? Yau muna tafa mata saboda ta ci. Ku je ku karanta labarin Jennifer Capriati. Tana shekara 13 ta shiga wasan manya a 1990, tana 14 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Faransa, ta ci zinare a Olamfik na 1992 a Basalona. Kafin ta cika 18 ta ajiye wasan, a 1994 'yan sanda suka kama ta da tabar wiwi. Duniyar da ta ɗaga ta sama ita ce ta koma tana yawo da hotonta na ofishin 'yan sanda.

Abba Fagge:
Yaya, ai Capriati ta dawo ta ci gasar Ostireliya da ta Faransa a 2001.

Baban Khalifa:
Ta dawo, amma bayan shekara nawa, kuma bayan wace irin wahala? Za ka yarda a yi wa 'yarka haka saboda kofi?

Malam Sani Koci:
Baban Khalifa, Allah ya ƙara girma. Tsoronka yana kan hanya, amma akwai abin da ya canja tsakanin zamanin Capriati da yanzu, kuma sanadinta ne ma aka canja shi. Tun 1995 hukumar tanis ta mata, WTA, ta kafa dokar shekaru. 'Yar ƙasa da 14 ba ta shiga gasar manya ko kaɗan. 'Yar 14 gasa 8 aka yarje mata a shekara, 'yar 15 gasa 10, 'yar 16 gasa 12, 'yar 17 gasa 16, sai ɗan ƙari da ake yi wa wadda ta yi zarra. Sai kin cika 18 ake sakar miki mara. Mirra ƙarƙashin wannan doka ta taso, har gobe kuma tana ƙarƙashinta sai ƙarshen watan Afrilun 2025. Shi ya sa abin nata ya fi ba ni mamaki: da rabon gasa ƙidayayye ta hau matsayi na 6 a duniya, alhali manyan suna shiga duk wadda suka ga dama.

Ku bari in ɗan ja ku baya, don da yawa sai bana suka san ta. A watan Janairun 2023 wasan yara take yi. Ta kai wasan ƙarshe na matasa na gasar Ostireliya a Melbon, ta haɗu da ƙawarta Alina Korneeva, wadda suke buga wasan bibbiyu tare. Sun fi awa uku suna fafatawa, Mirra ta ci turmin farko, ta faɗi sauran 4-6, 5-7. Na kalli bikin ba da kofin. Tana tsaye riƙe da farantin ta biyu, hawaye na zuba, ta kasa ɗaga kai sosai. Ban taɓa zaton bayan wata uku zan gan ta tana kayar da manya ba.

A Afrilu ta ci ƙananan gasa biyu a jere a Suwizalan. Sai masu gasar Madrid suka ba ta tikitin alfarma, wato shiga kai tsaye ba da matsayinta ba, tana ta 194 a duniya. Ta doke Leylah Fernandez, wadda ta taɓa kai wasan ƙarshe na gasar Amurka, ta doke Beatriz Haddad Maia, sannan ranar da ta cika 16 cif ta doke Magda Linette. Wa ya tsayar da ita a zagaye na huɗu? Sabalenka. Wannan Sabalenkar dai ta jiya.

Maman Ilham:
Malam Sani, sannu da ƙoƙari. Ita Alinar fa, ina ta shiga?

Malam Sani Koci:
Hajiya, tambayarki ta taɓa wurin. Alina ta ci kofin matasa na Ostireliya, ta ƙara da na Faransa a shekarar. A lokacin da yawa ita suke ganin za ta fi nisa. Sai ciwon wuyan hannu ya zaunar da ita watanni a 2024. Shekarunsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, amma yau ɗaya tana cikin goman farko, ɗaya tana ƙoƙarin sake hawowa daga ƙasa.

Baban Khalifa:
To ka ji. Ka ba ni hujja da kanka, Malam. Duk Mirra ɗaya da muke gani a talabijin, yara nawa ne iyayensu suka sayar da abin hannunsu suka yi ƙaura, a ƙarshe ba kofi ba karatu?

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina yi muku barka da azumi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Kun lura da allon maki jiya? Sunan Andreeva ba tuta a gefensa, sunan Sabalenka ma haka. Ɗaya 'yar Rasha, ɗaya 'yar Belarus. Tun da aka fara yaƙin Yukren a 2022 aka hana su wasa da tutar ƙasarsu. Ke nan ita Mirra, duk manyan gasar da ta buga tun da duniya ta san ta, ba ta taɓa ganin tutarta kusa da sunanta ba. A Olamfik na Faris a 2024 ita da Diana Shnaider sun ci azurfa a wasan bibbiyu, Sara Errani da Jasmine Paolini na Italiya suka doke su a ƙarshe, amma a matsayin 'yan ba-ruwanmu suka karɓi lambar, ba a lissafa ta a sunan Rasha ba. Lokacin da yaƙin ya ɓarke shekarunta 14. Me ta sani? Wannan abu yana yi mini ciwo.

Usman Zariya:
Yana da ciwo, amma mu tuna da 'yan wasan Yukren ma. Akwai waɗanda suke fita fili alhali bama-bamai na sauka a garuruwan iyayensu. Shi ya sa ba sa miƙa wa 'yan Rasha hannu bayan wasa, kuma ni ban ga laifinsu ba. Rashin tuta bai kai wannan ba.

Ɗan Maraɗi:
Ban ce ya kai ba, ɗan'uwa. Na ce dai yarinya ce, ba ita ta aika soja ba. Kuma dubi abin da ya faru a Wimbledon 2022: an hana 'yan Rasha shiga gaba ɗaya, sai Elena Rybakina ta ci kofin, haifaffiyar Mosko da ke wasa da sunan Kazakistan tun 2018.

Hajiya Bilki:
Don Allah a bar siyasar nan haka, kada zaren ya kauce. Ni tarbiyya nake son a taɓa. Ina son yarinyar, amma ban manta Wimbledon 2023 ba. Ta fito daga wasannin share fage, a karon farko da ta taka filin ciyawa a gasar manya, ta kai zagaye na huɗu. Tana gaban Madison Keys da turmi ɗaya da 4-1, wasa ya juya mata. Ta yi jifa da raket aka gargaɗe ta. Can dab da ƙarshe raket ya sake barin hannunta ya daki ƙasa, ita ta ce santsi ne ya kwashe ta, alƙaliyar wasa ta ce jifa ne, ta cire mata maki. Da aka tashi ta gaisa da Keys ta wuce kujerar alƙaliya ko kallo babu. Aka ci ta tarar dala 8,000. Kafin nan a Faris, a wasanta da Coco Gauff, ta ɗirka ƙwallo cikin 'yan kallo don haushi. Da ya samu wani a ido, da korar ta za a yi daga gasar. Wace uwa ce za ta ji daɗin ganin haka?

Abba Fagge:
Anti Bilki, shekarunta 16 fa a lokacin. Mu da muke 16 me muke yi in an ci mu a ƙwallon layi?

Hajiya Bilki:
Ku ba a ɗora muku kyamarar duniya ba, Abba. Shi ne ma dalilin da nake goyon bayan Baban Khalifa ta wani ɓangaren. Fushin ƙuruciya a tsakar gida ake yin sa, uwa ta tsawatar, a wuce wurin. Ita nata a gaban miliyoyin mutane ta yi, kuma yana nan a intanet har ta tsufa.

Malam Sani Koci:
Hajiya Bilki ta faɗi gaskiya, kuma a nan ne nake ganin iyayen sun yi abin a yaba. A Afrilun 2024 suka ɗauko mata Conchita Martinez 'yar Sifaniya, wadda ta ci Wimbledon a 1994, kuma ita ce ke tare da Garbine Muguruza lokacin da ta ci nata a 2017. Mace ce da ta san zafin filin da kanta, ba ta da hayaniya. Wata biyu da haɗuwarsu Mirra ta doke Sabalenka a Faris ta kai wasan kusa da na ƙarshe, mafi ƙarancin shekaru da ta kai wannan mataki a manyan gasa huɗu (na Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka) tun Martina Hingis a 1997. Paolini ta fitar da ita 6-3, 6-1, ta fita tana share hawaye. A Yuli ta ci kofinta na farko na manya a Iasi ta ƙasar Romaniya.

Ku lura da ita in an zauna hutun canjin gefe. Takan zaro wani ɗan littafi daga jaka, ta buɗe a kan cinyarta, ta karanta abin da ta rubuta game da abokiyar karawarta. Ni da nake koyar da yara wannan ya fi duk kofunan burge ni. Domin wasanta ba na ƙarfi ba ne tun asali. Sabalenka dukan kawo-wuƙa take yi, kamar mai sara itace. Mirra kuwa canja miki ƙwallon take yi: wannan ta ɗaga shi sama, wancan ta yanko shi ƙasa-ƙasa, ta ajiye miki gajere a bakin raga sai kin taho da gudu ta wuce da shi ta bayanki. Bugun bayan hannunta mai bin layi shi ne makaminta. Abin da ya ƙaru bana shi ne bugun farawa ya yi nauyi, jikinta ya cika. A watan Janairun 2025 Sabalenka ta yi mata 6-1, 6-2 a Melbon. Wata biyu kacal tsakani.

Zuciyar nan da ke sa ta jifa da raket kuma, ita ce dai ta sa a gasar Ostireliya ta 2024 Diane Parry tana gabanta 5-1 a turmi na uku, saura maki ɗaya a fitar da ita, ta ƙi mutuwa har ta ci wasan. Ba a cire wa yaro irin wannan zuciya, linzami ake sa mata.

Usman Zariya:
Malam, kada ka tuna mini da waccan gasa. A cikinta ne ta yi wa Ons Jabeur tamu ta Tunisiya 6-0, 6-2 cikin minti 54. Kuma Ons ɗin ce gwanarta da take kallo tun tana ƙarama. Ranar na rasa wa zan goya wa baya.

Maman Ilham:
Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba, sai tambaya ɗaya da na yi. Bari in faɗi abin da ke raina, ku yi haƙuri in na tsawaita.

Duk kuna maganar Mirra, ba wanda ya ambaci yayarta Erika. Ita ce babba, haihuwar 2004. Ita aka fara kaiwa fili, ƙaramar tana biye da ita. Ita ma ba baya ba ce: ta kai wasan ƙarshe na matasa a gasar Faransa a 2021, ta shiga cikin ɗari na farko a duniya. A kowane gida wannan abin alfahari ne. Amma yau in an ce Andreeva ba wanda ke nufinta. A watan Oktoban 2024 aka haɗa su a Wuhan ta ƙasar Sin, karo na farko a gasar manya, Erika ta ci 6-3, 6-1. Na kalli wasan, ba wadda ta yi murna a cikinsu. Suka rungume juna a bakin raga kamar an yi rasuwa. Na ce a raina, uwar nan yau ina za ta sa kanta?

Abin ya taɓa ni ne saboda ina da mata biyu, 13 da 10, duk suna zuwa koyon tanis a wani kulob a garinmu ranar Asabar da Lahadi. Babbar ce ta fara, ita ta nace har babansu ya saya mata raket na hannu a kasuwar 'yan gwanjo. Ƙaramar rakiya take yi, tana tsintar ƙwallo. Ranar nan kocin ya ja ni gefe ya ce, Hajiya, ƙaramar nan ita ce mai hannun. Ashe babbar tana bayanmu tana ɗaure igiyar takalmi, ta ji. A mota ba ta ce uffan ba har muka isa gida. Da daddare na same ta ta ajiye raket ɗin a kan gadon ƙanwarta. Na zauna da ita har ƙarfe 11 ina lallashi.

To ni ba ƙaura nake tunani ba, ba mu da halinta ma. Igiyar raket in ta tsinke sai mu yi sati biyu muna jiran mai ɗaurawa. Amma na gane cewa abin da iyayen nan suka ɗauka ya wuce kuɗin jirgi da kuɗin koci. Sun ɗauki nauyin zuciyar 'ya'ya biyu a kan hanya ɗaya, wadda dole wata ta wuce wata.

Baban Khalifa:
Allah ya shirya miki su, Maman Ilham, ya haɗa kansu. Kin faɗi abin da na kasa faɗa.

Abba Fagge:
Amin. Maman Ilham, wallahi jikina ya yi sanyi. Amma Yaya, ina nan kan bakata a abu ɗaya. Maria Sharapova ma a Siberiya aka haife ta, ita ma ta bi ta Sochi. Mahaifinta ya kai ta Florida a 1994 da dala 700 a aljihu, ya yi ƙananan ayyuka har da wanke-wanke, uwar ta yi shekara biyu ba ta samu biza ta bi su ba. Tana 17 ta doke Serena ta ci Wimbledon a 2004. A wannan wasa, wanda bai fara da wuri ba ba ya kamo sahu. Ko dai iyaye su yi kasadar tun yaro bai san kansa ba, ko kuma a haƙura gaba ɗaya. Babu hanya ta uku.

Baban Khalifa:
Yarinya 'yar 7 ta yi shekara biyu ba uwa, kai kuma kana kawo shi a matsayin hujja. Ni a nan ne ma nake cewa a haƙura.

Hajiya Bilki:
Ni kuma bambancin da na gani ke nan. Su Mirra ba a raba su da uwarsu ba, kusan kullum tana nan zaune a cikin 'yan kallo. Ko kuɗin ma, da ta ci Dubai aka tambaye ta me za ta yi da dala 597,000, ta ce a tambayi babanta, don ita ba ta kai shekarun riƙe nata asusun ba. Na jiya kuma ya haura dala miliyan ɗaya. Addu'ata Allah ya sa masu riƙe mata su riƙe amana, don an sha ganin inda kuɗin ɗa ya raba shi da iyayensa.

Ɗan Maraɗi:
Kun ji jawabinta da ta karɓi kofi? Bayan ta gode wa kowa sai ta gode wa kanta, saboda ta yi ta fafutuka ba ta karaya ba. A Dubai ma haka ta yi. Da farko abin ya yi mini banbaraƙwai, mu da aka raina a kan yabon kai jahilci. Daga baya na tuna yarinyar da ke kuka a Melbon shekara biyu da suka wuce, sai na fahimce ta.

Malam Sani Koci:
Maman Ilham, in ba za ki damu ba, ga shawara daga wanda ya yi shekaru yana tsaye a fili da yara. Ki roƙi kocin ya daina haɗa su wasa da juna a gaban mutane, a raba musu lokaci ko rukuni. Kuma kada wani ya sake yanke wa 'yar shekara 10 hukuncin hannu, ko mai kyau ko marar kyau, a inda 'yar'uwarta za ta ji. Babbar ta koma filin kuwa?

Maman Ilham:
Ta yi sati uku ba ta je ba, Malam. Asabar ɗin da ta wuce ta ce za ta raka ƙanwarta kawai. Da muka isa na ga ta ɗauko raket ɗin daga bayan mota. Ban ce mata komai ba. Bayan sallah zan yi wa kocin maganar raba musu lokaci, in sha Allah.